Sandar fatsa ta dala 70 da ta dala 1,000: wasiƙa daga Kolorado

Yaya, salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali, da Inna da ƙafarta.

Tun ranar da na turo hoton nan da nake tsaye cikin ruwa har gwiwa kake tsokanata, wai jikan masuntan Yawuri ya koma kamun kifi da bulala. Da na faɗa maka kuɗin sandar kuwa sai ka yi salati, ka ce kuɗin kwale-kwale ne da koma. Na yi alkawarin zan yi maka bayani a tsanake, tunda har ka ce in nemo maka irinta in aiko. Kafin ka sake maimaita wannan buƙata, karanta tukuna.

Irin wannan su ba irin fatsarmu ba ce. Mu a gida tana muke sa wa ƙugiya, ko guntun kifi, a ɗaura dalma ta ja zaren ƙasa. Su nan gashin kaza da gashin barewa suke naɗewa a jikin ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaron ruwa. Abin ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a sama har ta miƙe ta kai ƙwaron inda ake so. Shi ya sa sandar take komai a wannan harka. Wadda aka fi amfani da ita tsawonta ƙafa 9, gaɓa huɗu ake harhaɗawa, lamba 5 ake ce mata saboda nauyin igiyar da ta dace da ita, kuma duk tsawon nan ba ta kai giram 100 ba. Kifin da muke bi shi ne turawut, wani kifin ruwan sanyi, a kogin South Platte, wajen wani ɗan ƙauye da ake kira Deckers, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Denver, babban birnin jihar Kolorado. Sai da lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara. A wani sashe na kogin ma, Cheesman Canyon, doka ce in ka kama ka saki. Wannan kada ka gaya wa Baffa, zai ce an yi mini asiri.

Wani abokin aikina dattijon Bature ne ya ja ni. Ya ba ni aron tasa sau biyu, na ji kunyar na uku, sai na shiga intanet na sayi tawa dala 70, har da faifan naɗe igiya da jaka. Sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, dattijon ma haka. A shafin tallar an rubuta garanti na har abada da manyan baƙaƙe. Kuma don Allah, sandar ba ta yi mini laifi ba. Shekara guda na yi da ita, na kama kifi, har dattijon ya karɓa ya kaɗa ta 'yan mintoci ya ce da a zamanin ƙuruciyarsa aka kawo wannan, da ita ce sarauniyar sanduna.

Sai wata Asabar da yamma, hannuna ya yi sanyi, ina sauri in yi la'asar kafin rana ta faɗi, na jingina ta da mota na rufe ƙofa. Ƙas! Kamar an karya tsinken tsire. Kan sandar, wajen taƙi guda, yana lilo a jikin igiya. Na tsaya ina kallon sa kamar zai haɗe da kansa.

Da na koma gida na nemi garantin nan na har abada. Na rubuta musu saƙo, shiru. Na sake, shiru. Bayan mako uku na koma shafin da na saya, babu shi, an goge, ga wata sanda mai kama da ita sak ana sayarwa da wani suna daban. Ba zan ce sun cuce ni ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma saboda gaɓa ɗaya da ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, sauran ukun suka zama itacen banza.

Daga nan ne na fara shiga shagunan masu sana'ar ina tambaya, kuma a nan na gane abin da masu dala 1,000 suke saya. Akwai gidajen da suka yi suna. Orvis tun 1856 suke, a garin Manchester na jihar Vermont, kuma garantinsu na shekara 25 ne, ko da kai ka karya da ƙofar mota. Sage suna tsibirin Bainbridge a jihar Washington tun 1980, nasu garantin na tsawon rai ne amma ga wanda ya fara saya kawai. Winston suna wani ɗan gari a Montana mai suna Twin Bridges, Scott kuma a nan jiharmu suke, a Montrose. Turawan Ingila suna da Hardy tun 1872. Manyan sandunan waɗannan gidaje suna kaiwa dala 1,000, wasu su haura.

Abin da ba a gaya maka da babbar murya shi ne garantin ba kyauta ba ne. In ta karye za ka biya ladan gyara, daga dala gomomi zuwa sama da 100, gwargwadon kamfani da tsufan sandar, ga kuɗin aikawa. Wani lokaci a aiko maka sabuwar gaɓa cikin kwanaki, wani lokaci sai ka tura sandar gaba ɗaya ka zauna jira. Dattijon nan nawa ya tura wata tsohuwar sandarsa a farkon bazara, ba ta dawo ba sai da ganye ya fara ja, lokacin kamun kifi ya kusa wucewa. Ka ga ladan gyaran babbar sanda kaɗai ya isa ya sayi irin tawa sabuwa dal. Kuma kuɗin garantin tun farko yana cikin farashi. Mai hankali da kayansa yana biya wa mai garaje irina, bai sani ba.

To ina bambancin yake a jikin sandar? Duka da abu ɗaya ake yi, wani baƙin zare mai suna girafait da ya shigo wannan sana'a a shekarun 1970. Ana shimfiɗa shi kamar ƙyalle, a naɗe a jikin ƙarfe mai tsini, a gasa, a zare ƙarfen. Gwanintar tana wajen yanka ƙyallen da yawan da ake sa wa kowane wuri, ita take sa wata sanda ta lanƙwashe ta dawo tsaf ba rawa, wata kuma ta yi ta karkarwa. Na kaɗa mai tsada a bayan wani shago, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ta fi sauƙi a hannu, mariƙinta sumul, gaɓoɓinta suna shiga juna kamar an zuba. Mariƙin tawa ta farko ramuka ne aka cike da gari, wata uku suka fara zubewa. Amma ta fi ta sau goma sha huɗu? A hannun gwani wataƙila. A hannuna, ni da har yanzu nake rataye ƙwaro a bishiya, kifi bai san bambanci ba.

Akwai kuma 'yan tsakiya, kuma nan hankalina ya kwanta. Kamfanoni irin su Echo, da Redington, da Temple Fork Outfitters na Dallas, suna tsara sandar a Amurka, a ƙera musu a Koriya ta Kudu ko Sin, su sayar da ita dala ɗari da wani abu zuwa ɗari uku ko huɗu. Redington ma gida ɗaya suke da Sage, uwar kamfaninsu ɗaya. Orvis su ma suna da ƙaramar sanda mai suna Clearwater da ake yi musu a waje, garantinta shekara 25 kamar na manyan. Wato ba inda aka ƙera ba ne matsalar, tunda mai dala 70 da mai dala 250 suna iya fitowa daga ƙasa ɗaya. Tambayar ita ce, ranar da ta karye, wa zai ɗaga waya, kuma yana da gaɓar a ajiye?

Wannan ya tuna mini da kasuwar Yelwa. Mu ba mu san takardar garanti ba, amma in Baba ya sayi zaren koma ya tarar ruɓaɓɓe ne, komawa yake wajen mai shagon, a gaisa, a tambayi iyali, a canja masa, don gobe ma za a haɗu a masallaci. Garantin shi ne fuskar mutumin. Nan sun mayar da fuskar lamba ce a jikin sanda da rasit a cikin imel. In kamfanin ya shekara 40 ko 100 a wuri ɗaya, lambar tana da daraja. In jiya aka raɗa masa suna, har abadansa na iya ƙarewa kafin azumi.

Na ƙare da ta dala 230 daga wani shago da ke kusa da mu. Yarinyar da ke wurin ta fito da ni filin ajiye motoci da sanduna uku, ta ce in kaɗa kowace in ji wadda hannuna ya so, ta yi mini rajistar garantin a gabana, ta ce in ta karye in kawo musu su za su tura. A intanet zan iya samun ta ƙasa da haka kaɗan. Na biya bambancin da gangan.

Yanzu maganar taka. Garanti ba ya tsallake teku da sauƙi, Yaya. In ta karye a Yawuri, kuɗin aiko ta nan da mayar da ita ya fi kuɗinta, ban da jira. Kuma lamba 5 ba ta kifinmu ba ce. Giwan ruwa zai mayar da ita tsinke a jan farko, tsage kuwa haƙoransa za su datse zaren sai an sa waya a gaba. In dai kana so ka gwada don nishaɗi, zan sayo maka mai araha guda biyu iri ɗaya, lamba 8 ko 9, irin waɗanda ake haɗawa da kan sanda na biyu a cikin jaka, ta yadda in ɗaya ta karye ɗayar ta zama kayan gyara. Zan ba wanda zai zo gida bayan Sallah ya taho da su.

Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafar yana cikin saƙon. Ka kuma auno mini faɗin ƙugiyar da kuke sa wa karfasa yanzu, ina so in ɗaura maka ƙwari da hannuna.