RAM da ma'ajiya: wace laftop ya kamata ta saya?

Wata ƙanwarmu da za ta fara jami'a ta kawo tambaya jiya da dare. An nuna mata laftop biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko tana da RAM giga 4 da HDD tera 1, ta biyu RAM giga 8 da SSD giga 256. Mai shago ya ce ta ɗauki ta farko, wai ta fi "memori".

Ƙanwata, kalmar memorin nan ce ke rikita mutane, don abu biyu ake kira da ita. Ma'ajiya, wato HDD ko SSD, rumbu ce. RAM kuwa turmi. Komai cikar rumbu, a turmi ake daka, kuma idan turmin ƙarami ne sai an yi ta ɗiba kaɗan-kaɗan. Duk manhajar da kika buɗe, sai an kwaso ta daga ma'ajiya an zuba a RAM kafin ta yi aiki. Sai dai shi turmin kwamfuta ba ya kwana da komai: wuta na yankewa, abin da ke RAM ya tafi. Na taɓa rasa shafi huɗu haka, batir ya mutu ban danna Ctrl+S na adana aikin a ma'ajiya ba, kuma washegari za a karɓi aikin.

Giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Microsoft ta gindaya wa Windows 11, kuma ita kanta Windows ɗin za ta cinye kaso mai tsoka tun ba ki buɗe komai ba. Ki ƙara Word, da PDF biyu, da shafuka goma a Chrome, turmi ya cika. Daga nan kwamfuta sai ta fara aron wuri a ma'ajiya tana juye kaya can tana dawowa da su. A nan ne laftop ta farko za ta sa ki tagumi, domin wurin da take aron ma HDD ne.

HDD faifai ne da ke juyawa a ciki, a laftop galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai bin sa yana karantawa, kamar allurar garmaho. Tsohuwar fasaha ce. IBM ta fito da na farko a 1956, girmansa kamar firji biyu, abin da yake ɗauka kuma bai wuce mega 5 ba, hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ke nan. Irin na laftop yana karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa yana haura 500. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka jijjigar adaidaita sahu ko faɗuwar jaka ba sa yi masa illar da suke yi wa faifai.

Inda ta farko ta yi zarra shi ne fili, don tera 1 giga 1,000 ke nan. Giga 256 na ta biyun za ki ga ya nuna miki kusan 238, don kamfanoni da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Ba cutar ki aka yi ba. Ga littattafai da takardun darasi ya ishe ki har ki gama. Idan finafinai masu dogon zango ne, wata uku ma ba zai kai ba, sai ki nemi HDD na waje daga baya.

Ni dai ta biyun zan ɗauka, ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma kafin ki miƙa kuɗi, ki kunna ta a gaban mai shagon, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga Performance. Nan za ki ga ainihin girman RAM ɗin, da ko ma'ajiyar SSD ce da gaske, tunda takardar da ake mannawa a murfi kowa na iya buga ta.