DUREL ko RCI-10: wanda ya dace da majinyacin da ke kwance a asibiti

'Yar'uwa, kin tambayi wanne ya fi dacewa da bincike kan majinyatan da ke kwance a asibiti tsakanin DUREL da RCI-10, wato jerin tambayoyi biyu na auna riƙo da addini; ki ɗauki DUREL.

Da shi na yi aiki a ɗakin mata na wani asibiti a nan Kaduna lokacin binciken kammala karatuna. Harold Koenig da abokan aikinsa na Jami'ar Duke da ke Amurka ne suka fitar da shi a 1997, kuma tambayoyi biyar ne kacal: ɗaya kan halartar wurin ibada, ɗaya kan ibadar da mutum yake yi shi kaɗai, sauran ukun kan yadda imani ya ratsa rayuwarsa. Gajartarsa ce ta taimake ni, domin wanda ake yi wa ƙarin ruwa ba shi da ƙarfin doguwar hira. Ina tuna wata dattijuwa mai ciwon suga, da carbi a hannunta, da na tambaye ta ko tana jin kusancin Allah a rayuwarta, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, ni da nake kwance nan, wa gare ni in ba Shi ba?" Kafin a zo rabon magani mun gama.

Sai dai ki lura da tambayar farko. Dattijuwar nan a ɗakinta take sallah tun tana amarya, saboda haka makinta na zuwa masallaci ya yi ƙasa, alhali ko tana kwance ba ta bari sallah ta wuce ta. Haka ma Kiristan da jinya ta hana shi zuwa coci. Masu ma'aunin da kansu sun ba da shawarar kada a tara makin wuri guda, a duba sassan uku daban-daban.

RCI-10 na Everett Worthington, wanda ya fito a 2003 da tambayoyi goma, ba laifi ga ɗaliban jami'a. Na fara da shi na yi nadama, domin yana tambayar karanta mujallun addini da ba da gudummawar kuɗi, ga mutumin da ke neman kuɗin allura.

Ki yi hattara da wasu masu shagunan buga takardu da ke sayar da abin da suke kira fassarar Hausa, har da takardun da aka riga aka cike da amsoshin ƙarya. DUREL kyauta ake samunsa. Ki sa mutum biyu su fassara shi, na uku ya mayar da shi Turanci a gwada, sannan ki miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin kafin ki tunkari gadon kowa.