Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka: jirgin ƙasa, taksi, kar ko motar ajans?

Mai niyyar umra daga Yamai yakan yi makonni yana cigiyar tikitin jirgi mai sauƙi da masauki kusa da Harami, amma ɗan tsakanin nan, daga ƙofar filin jirgin Jidda zuwa ƙofar otel a Makka, sai ya bar wa "in mun isa ma gani". Tafiya ce ta kusan kilomita 100, kuma ana yin ta ne bayan an kwana a hanya, an yi zaman jira a Adis Ababa ko Istanbul ko Kasablanka, ga harami a jiki, ga kaya, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Wanda ya taso daga Tawa kuwa ya riga ya sha sama da kilomita 500 a kar, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kafin ma ya ga filin jirgin Diori Hamani. A wannan halin mutum ba ya iya ciniki, ba ya iya lissafi. Shi ya sa nake ganin tun a gida ya kamata a yanke shawarar abin da za a hau, tun kafin a biya kuɗin jirgi.

Maganar nan ta masu umra ce. Mahajjaci ba shi da zaɓi a nan: wanda ya tafi ta hannun COHO, hukumar shirya hajji da umra ta Nijar, da ajans ɗinsa, motocin da hukumomin Saudiyya suka tsara ne za su kwashe shi tare da ayarinsa, kuma a lokacin aikin hajji ba a shiga Makka sai da izini.

Kafin a zo kan mota, akwai mikati, domin shi ne ainihin mafarin ibadar. Mikatai biyar ne: Zul Hulaifa, Juhfa, Ƙarnul Manazil, Yalamlam da Zatu Irƙin. Jirgin da ya taso daga kudu, kamar na Adis Ababa, yakan yi daidai da Yalamlam, wanda ya biyo ta arewa ko ta Masar kuma ya yi daidai da Juhfa, kusa da garin Rabig. Duka biyun ana wuce su tun ana sama, kafin a sauka Jidda. Mafi yawan malamai ba su ɗauki Jidda a matsayin mikati ga wanda ya zo daga nesa ba, kuma wanda ya wuce mikati bai yi harama ba, ko dai ya koma can, ko yanka ya hau kansa. Akwai malaman da suka yi sassauci; wannan ka zauna da malaminka kafin tafiya. Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne: in Makka za ka fara nufa, haraminka ya kasance cikin jakar hannu, ka ɗaura shi a filin jirgin da kuka yada zango, ka yi niyya idan an zo daidai mikati. Ba kowane kamfani ne ke sanarwa a cikin jirgi ba, don haka ka tambayi ma'aikatan tun da wuri. Kuma ka tuna duk motar da za ka hau bayan haka, cikin ƙyalle biyu da silifa za ka hau ta, kana jan baliz.

Abu na biyu da za ka duba a tikitinka shi ne ɓangaren da jirginku zai sauka. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da sabon gini da ake kira Terminal 1, da ɓangaren arewa, da ɓangaren alhazai mai rufi kamar tantuna, wanda aka buɗe a 1981. Tsakaninsu ba tafiyar ƙafa ba ce, sai da mota. Wannan ƙaramin rubutu a tikiti shi ke yanke rabin shawarar, saboda tashar jirgin ƙasa a Terminal 1 take.

Jirgin ƙasan Haramain ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2018. Layin kilomita 450 ne tsakanin Makka da Madina, jirgin yana kai gudun kilomita 300 a awa, kuma tashoshinsa biyar ne: Makka, Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, filin jirgi, birnin tattalin arziki na Sarki Abdallah kusa da Rabig, sai Madina. Daga filin jirgi zuwa Makka bai cika awa guda ba. Akwai sanyi, akwai ban-ɗaki, kowa da lambar kujerarsa, ba turereniya, ba cunkoson hanya. Ga wanda ya sauka a Terminal 1 da baliz ɗaya, ban ga abin da ya kai shi ba.

Sai dai yana da sharuɗɗa uku da masu yaba shi ba su cika faɗa ba. Na farko kaya: abin da aka yarda fasinja ya shiga da shi baliz ɗaya ce da ba ta wuce kilo 25 ba, mai matsakaicin girma, da jakar hannu. Mu kuwa an san mu da guzuri. Ga gari, ga kilishi, ga yaji, ga saƙon da maƙwabta suka ɗora wa mutum ya kai wa ƴan'uwansu mazauna can. Wanda kamfanin jirgin sama ya ba shi baliz biyu kuma ya cika su, zai sha wahala a bakin tasha. Na biyu, tashar Makka tana unguwar Rusaifa, ƴan kilomitoci daga Harami. In ka sauka sai ka sake neman taksi ko motar cikin gari, wato sake ɗora kaya da sauke su. Na uku shi ne lokaci. Tikitin na jirgi ɗaya ne a sa'a ɗaya. Layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya yana iya ƙarewa cikin minti 40, yana kuma iya cin awa biyu ko fiye, musamman a azumi. In za ka saya tun daga gida ta manhajarsu ko shafinsu na intanet, ka bar tazarar awa uku tsakanin saukarku da tashin jirgin ƙasan, kuma ka duba ko akwai wanda ya dace da kai idan tsakar dare za ku sauka. Kada ka manta agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Sayen ta intanet yana buƙatar lambar fasfo da katin banki. Wanda ba shi da kati ya sa ajans ko wani ɗan'uwa ya saya masa. Ana sayarwa a tasha ma, amma a goman ƙarshe na azumi kujeru na ƙarewa tun da kwanaki.

Kar ita ce mafi arha. Shekaru da yawa sunan SAPTCO aka sani a wannan hanya, yanzu akwai wasu kamfanoni. Tana ɗaukar kaya da yawa a ƙarƙashinta, amma sai lokacinta ya yi take tashi, kuma a tasha take ajiye mutum, ba a ƙofar masauki ba. Ta dace da saurayi mai ƙarfi a jika wanda ke tattalin guziri. Ba zan sa tsoho a cikinta bayan kwana a hanya ba, in dai da hali.

Taksi kuma iri uku ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin kar da jirgin ƙasa. Akwai na filin jirgi masu lasisi, da ke da wurin tsayawarsu a bakin fita. Akwai na manhaja, Uber da Careem, waɗanda ke nuna maka kuɗin kafin ka shiga, su nuna sunan direba da lambar mota. Sai kuma masu tarar mutum tun yana turo kaya, suna "Makka, Makka, ya Hajji". Waɗannan na ƙarshe ba su da izinin aikin, hukuma na cin su tara, kuma in wani abu ya faru ba ka da inda za ka kai ƙara. Wani zai yi maka Hausa tsantsa, domin Hausawa sun daɗe a Makka da Jidda, sai zuciya ta yi sanyi. Ka amsa gaisuwa da fara'a, amma jin Hausa ba lasisi ba ne. In dole ta sa ka yi ciniki da baki, ka tabbatar da abu uku kafin a sa kaya a but: kuɗin na motar gaba ɗaya ne ko na kowane mutum, har ƙofar otel ne ko bakin gari, kuma ba za a tsaya ɗaukar wasu a hanya ba.

A mota tafiyar awa ɗaya ce da ƴan mintuna zuwa awa ɗaya da rabi, ta babbar hanyar da ke bi ta shingen Shumaisi. Ga mutum ɗaya taksi ya fi komai tsada, nesa ba kusa ba. Amma a yi lissafin iyali: mutum huɗu, tikitin jirgin ƙasa huɗu, da taksin da zai ɗauke su daga Rusaifa, wataƙila ma biyu saboda kaya. In aka haɗa, sau da yawa ratar da ke tsakaninsa da mota ɗaya daga filin jirgi har masauki ba ta taka kara ta karya ba, kuma an hutar da Hajiya hawa da sauka. Wajen lissafin, riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a dala ɗaya, sefa kuma a ɗaure da yuro, don haka riyal ɗaya yakan yi yawo tsakanin sefa 150 da 170. A taƙaice ka riƙe cewa riyal 100 jika goma sha biyar ne zuwa sha bakwai. Farashi na hawa sosai a azumi da ranakun hutu, don haka kuɗin da wani ya biya a Safar ba ma'auni ba ne ga mai tafiya a Ramadan.

Akwai abin da ko direba mafi kirki ba zai iya yi maka ba. Ana rufe titunan da ke kewaye da Harami idan salla ta gabato, ranar Juma'a da dararen azumi kuwa abin ya fi tsanani. Wanda masaukinsa ke Ajyad ko titin Ibrahim Khalil ko cikin Misfala yana iya ganin an sauke shi nesa, ya ƙarasa da ƙafa. Wannan ba ha'incin direba ba ne. In kana da iko a kan lokaci, ka nemi shiga gari tsakanin hantsi da kafin azahar, ko bayan an watse daga isha.

Sai motar ajans. Yawancin masu tafiya daga Yamai a dunƙule suke biya, biza da jirgi da masauki da mota, kuma ga wanda bai taɓa fita ba, ko ba ya jin Larabci, wannan shi ne kwanciyar hankali. Amma kalmar "da mota" tana ɗaukar ma'ana da yawa. Ka zauna da mai ajans ka tambaye shi dalla-dalla: "Alhaji, motar tamu ce mu kaɗai ko ta ayari? In ta ayari ce, jirage nawa za ta jira kafin ta tashi? Wa zai tarbe mu, mece ce lambarsa ta can? In jirginmu ya yi latti, wa ke biyan wata motar?" Ya rubuta maka amsar a takardar da kuka yi yarjejeniya. Ajans na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Inda aka fi jin kuka shi ne ayarin da ya sauka da dare ya zauna har gari ya waye yana jiran wani jirgi ya cika motar, kuma wannan tun a ofis ake magance shi.

Akwai hanyar da na fi so ga duk mai tafiya da iyaye, ita ce a fara da Madina. In an samu jirgin da ke sauka a filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, tsakaninsa da Masallacin Annabi (SAW) kusan kilomita 15 ne kawai. Ba ɗaura harami a jirgi, ba fargabar wuce mikati cikin barci. A huta, a yi ziyara, sannan a yi wanka a natse a nufi Makka ta Zul Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali, mikatin da Manzon Allah (SAW) ya yi harama. Mota tana tsayawa a masallacin mikatin, a yi nafila a yi niyya. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a nan, kuma yana yin daidai da wurin jim kaɗan bayan tashi, saboda haka mai hawansa ya shiga da haraminsa a ɗaure. Wanda ya sauka Jidda amma Madina ya nufa da farko, shi ma ba harama a kansa tukuna. Daga Terminal 1 jirgin ƙasa zai kai shi cikin kusan awa biyu, alhali a mota sama da kilomita 400 ne, awa huɗu zuwa biyar. A wannan doguwar hanyar jirgin ƙasa ya yi wa mota fintinkau, har ga masu iyali, muddin kayan ba su yi yawa ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka fito daga Yamai da ƴan riyal a aljihu, har da ƙananan takardu, kada canji ya tsayar da kai da tsakar dare. Layin waya kuma ka saya tun a cikin filin jirgi, da fasfo ake yi. Akwai STC da Mobily da Zain, wadda sunanta ba baƙo ba ne gare mu tun kafin ta koma Airtel a nan. Ba layi, ba Uber, ba kiran mai tarba. Sannan kowane mutum a cikin tafiyar, har da Inna da ba ta riƙe waya, a sa masa takarda a jaka mai ɗauke da sunan otel da unguwa da Larabci, da lambar jagoran ayari, domin otel-otel masu suna kusan iri ɗaya suna da yawa a Makka, kuma direba da rubutun Larabci zai yi aiki.