Kamu, gwangwani ko garin gida: me za a saya wa yaro in ya kai wata 6?

Da yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ya daina ƙosar da shi, sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi ma ya fara ƙarewa, shi ne kuwa mai gina jini. Ba yaye ake nufi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ƙari ake nema, kuma a Sakkwato zaɓin uwa bai wuce uku ba.

Kamun gero ya fi arha, kowane gida akwai shi. Aibinsa tsararo. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da ruwan koko sai ya yi shiru a ɗauka ya ƙoshi, alhali jikinsa bai samu komai ba. Kamu zalla ba ya riƙe yaro mai girma.

Gwangwanin kanti, irin su Cerelac, an zuba masa madara da ƙarfe da bitamin, kuma damawa kawai ake yi da tafasasshen ruwa. A duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da ko marfin na like, sannan a karanta ko an ƙara sukari. Damuwata da shi kuɗi ne. Maigida ya sayo ɗaya, uwa ta riƙa tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata, ka ga an koma tsararon nan, da tsada kuma. In aljihu ba zai ɗauki sayensa a kai a kai ba, a bar shi sai ranar tafiya.

Ni garin gida nake zaɓa wa yawancin gidaje, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. Duka ana samu a Babbar Kasuwa ko Kasuwar Daji. Aikin yana wajen gyara. Waken soya sai an soya shi sosai an cire ɓawon, in ba haka ba ya kumbura wa yaro ciki. Gyaɗa a tsince ta da ido, duk ƙwayar da ta yi fumfuna a zubar, don gubarta hanta take taɓawa, suya kuma ba ta kawar da ita. A niƙa kaɗan-kaɗan a rufe a roba mai marfi, saboda zafin bazararmu ba ya barin man gyaɗa ya daɗe bai canja wari ba. A dama da kauri yadda zai tsaya a cokali, a ba shi sau 2 zuwa 3 a rana tsakanin wata 6 da 8. Tunda ƙarfensa bai kai na gwangwani ba, a riƙa haɗawa da dafaffen ƙwai, garin kifi, 'yar hanta ko zogale. Ban da zuma sai ya shekara.

Abin da ba na so a saya ko kaɗan shi ne ledar gyaɗar nan ta masu tamowa da ake gani a hannun 'yan talla. Magani ce, kyauta ake bayar da ita a asibiti bayan an auna damtsen yaro. In ɗanki yana ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura, ki kai shi a auna shi a ranar.