Aikin furostet ɗin Baba: abin da muka gani a sashen mafitsara

Salam jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan tun da aka sallamo Baba amma sai yanzu hankali ya dawo jiki. Wata huɗu kenan da aka yi masa aikin furostet a wani asibitin kuɗi a nan Kano, ɓangaren likitocin mafitsara, ba zan kama sunan wajen ba don akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan koka a kai. In taurari ne zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili.

Baba shekararsa 67. Ashe ya kusa shekara biyu yana fama bai gaya wa kowa ba, mu dai mun ga butarsa kullum tana bakin ƙofa, kuma mutumin da tun sha ɗaya da rabi yake sahun gaba ranar Juma'a sai ya koma isa masallaci ana dab da tayar da sallah ya shimfiɗa darduma a bakin titi. Daga baya Hajiya take ce min da dare sai ya tashi sau biyar sau shida, ya daɗe a bayi yana yunƙuri, fitsarin ya zo siriri ya yanke ya dawo, ya fito kuma yana jin kamar bai yi ba. Shi a ganinsa sanyi ne, yana ta sayen na gargajiya wajen masu mota da lasifika a bakin kasuwa, robobi sun kai goma a ƙarƙashin gadonsa.

Ranar da abin ya fashe lokacin hunturu ne, mura ta kama shi ya aika aka sayo masa maganin mura a kemis ya sha ya kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga min waya wai fitsari ya tsaya cak. Wlh ban taɓa ganin Baba a wannan halin ba, mararsa ta kumbura ta yi tauri, yana zufa cikin wannan sanyin yana ta salati. A nan na fara yaba musu, muna isa ba su tsaya maganar kati ba, wani matashin likita ya shigar da shi ya sa masa robar fitsari, cikin minti kaɗan leda ta cika fiye da lita ɗaya, Baba ya yi ajiyar zuciya bacci ya ɗauke shi a kan gadon gwaji. Likitan ya tambaye ni me ya sha, da na nuna masa kwalin sai ya ce irin waɗannan magungunan mura da na ƙaiƙayi suna iya tsayar da fitsarin dattijon da furostet ɗinsa ya riga ya kumbura. Dan Allah duk mai tsoho a gida ya riƙe wannan.

Bayan kwana biyu muka ga babban likitan. Mutum ne mai natsuwa, Hausa yake yi tsantsa, ya gaida Baba kamar mahaifinsa, Baba ina kwana, ya jiki, ya iyali, sannan ya jawo takarda ya zana mana. Ya ce mafitsara kamar tulu ce da bututu a ƙasanta, furostet kuma wani ƙululu ne kamar girman goro da ya zagaye wuyan bututun, maza kawai ke da shi, aikinsa haɗa wani ɓangare na ruwan maniyyi. In shekaru suka ja sai ya girma ya matse bututun. Ya ce girman nan daban, sankara daban, amma suna iya haɗuwa a mutum ɗaya shi ya sa dole a bincika. Ya tambayi Baba ko ya taɓa fitsarin jini yana yaro, ko ya yi wanka a rafi ko noman fadama, saboda tsargiya tana lalata mafitsara bayan shekaru. An yi sikanin, an yi gwajin ƙoda, na ƙoda ya fito lafiya alhamdulillah, furostet ɗin kuma giram 60 da ɗoriya, wanda na mai lafiya bai fi 20 zuwa 25 ba. Gwajin jinin nan na PSA, wanda ake duba alamar sankarar furostet da shi, bai yarda an yi a ranar ba, ya ce tsayawar fitsari da sa roba suna ɗaga shi sai a tsorata a banza, muka jira makonni. Wani wajen da sun karɓi kuɗin gwajin a ranar sun sake karɓa daga baya.

Ba su yi gaggawar tiyata ba, wannan ma na ba su maki. An fara da ƙwaya, tamsulosin ɗaya da dare, ya gargaɗe shi kar ya miƙe zumbur daga kwance don tana sa jiri. Sau biyu ana cire robar a gwada ko zai iya da kansa, sau biyu fitsarin yana sake tsayawa kafin magariba. Zaman roba kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutum irin Baba, leda ɗaure a cinya cikin wando, ya daina fita majalisa, ya daina jam'i yana ganin ba shi da tsarki, sai da limamin unguwa ya zo har gida ya ce masa a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba kuma ya lazimce shi baya karya alwala, ya yi sallarsa. Da asibitin suna da wanda zai faɗi wannan tun ranar farko da an rage masa baƙin cikin sati uku.

Toh yanzu ga abin da ya sa ni wannan rubutun gaba ɗaya.

Ranar da za a yanke shawarar aiki mu uku muka shiga, ni da Baba da Baffa ƙaninsa. Likita ya jero mana hanyoyi. Ko a zauna da roba ana canzawa duk wata, ko a yi wanda ake kira TURP, ba yanka, ta bututun fitsari za a shiga da na'ura mai kyamara a fafe cikin furostet ɗin kamar yadda ake fafe gora a bar bayan, ko a tsaga mara a ciro, wanda ya ce sun fi yi in ya haura giram 80. Ya faɗa mana akwai na leza ma, wanda ake yi da injin haske, zubar jininsa bai kai na waɗannan ba, amma su ba su da injin, in muna da hali zai rubuta mana takarda mu tafi inda ake yi. Bai ɓoye ba. Sai ya ajiye biro ya dube ni ya ce, ɗan'uwa ɗan ba mu waje, akwai maganar da zan yi da Baba. Ya tambayi Baba ko Baffa ya zauna, Baba ya ce ya zauna.

Ni ɗan fari ne, Baba ko sunana baya kira. Duk zuwan da muka yi a baya in likita ya yi tambaya da ta shafi iyali sai Baba ya kalli bango ya ce lafiya lau. Likitan ya lura da wannan, ni ban lura ba. Sun fi minti ashirin a ciki. Daga baya Baffa ne ya gaya min, kuma da yardar Baba nake rubutawa, ya ce a faɗa ko wani zai amfana. Likitan ya gaya masa ƙarara cewa bayan TURP yawancin maza, kusan biyu cikin uku ko fiye, in sun kusanci iyali maniyyi baya fitowa waje, baya yake komawa cikin mafitsara ya fita tare da fitsari, ba ya cutarwa, ƙarfin namiji galibi yana nan, amma haihuwa tana iya wuya kuma ba a gyara shi daga baya. Ya tambaye shi kai tsaye, Baba kana da sauran burin haihuwa? Autanmu shekararsa huɗu, kun ga tambayar ba ta wasa ba ce. Ya gaya masa kaɗan daga cikin mutane ƙarfinsu yana raguwa, wasu fitsari na ɗiga musu na ɗan lokaci, wasu bututun yana tsukewa daga baya, wasu bayan shekaru furostet ɗin ya sake girma a koma aiki. Sannan ya ce kar ka ba ni amsa yau, ka je ka yi shawara da iyalinka ka yi istihara. Baba ya yi sati guda ya dawo ya ce a yi.

Na san wani maƙocinmu da aka yi wa irin aikin nan a wani waje ba wanda ya gaya masa wannan, ya farka ya ga abin da bai gane ba, ya ɗauka an kashe masa mazakuta ko an yi masa asiri, gidansa ya kusa watsewa. Aiki iri ɗaya, wataƙila ma hannu mai kyau iri ɗaya, minti ashirin ɗin nan kawai aka hana shi. Ni a wajena wannan zaman ya fi injin da suke da shi daraja.

Aikin kansa ba dogon labari. Allurar ƙashin baya aka yi masa, idonsa biyu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, awa ɗaya da ɗan wani abu aka fito da shi. An sa masa roba mai baki uku ana ɗura ruwan gishiri ta ɗaya yana fita ta ɗaya don kar jini ya daskare ya toshe. Daren farko ruwan ja ne kamar zoɓo, wata nas ta ce min ka dinga kallon ledar, in ya koma ruwan hoda muna kan hanya, in ya daina ɗiga ko marar Baba ta fara ciwo ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Kuma ta zo, sau uku na tashe ta bata ɓata rai ba, Allah ya saka mata. An ɗauke wuta sau ɗaya janareta ya tashi nan take. Kwana uku aka cire roba, Baba ya shiga bayi ya fito yana hamdala a fili.

Yanzu tauraron da na riƙe. Takardar amincewa da aka ba Baba ya sa hannu duk Turanci ce, shafi biyu ƙananan rubutu, mutumin da ajami da Hausar boko yake karantawa. Likita ya yi bayani da baki gaskiya ne, amma meye wahalar fassara ta a Kano? Sannan kuɗi, abin da aka rubuta mana tun farko bai haɗa da ledojin ruwan wanke mafitsara ba da kuɗin gwajin tsokar da aka fafe, sai da muna ciki ake miƙo risiti ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zo da daidai kuɗinsa ya zai yi? Babban kuma shi ne ranar sallama. Likita yana tiyata, aka ba mu magani da katin dawowa, a sha ruwa da yawa, shi kenan. Kwana 11 da aiki Baba ya tashi da asuba ya ga jini da guda-guda a fitsari bayan ya riga ya washe, Hajiya tana kuka, lambar da ke jikin katin na kira ya fi sau goma ba a ɗaga ba. Muka kwasa sai asibiti. Likitan ya ce wannan sananne ne, ɓawon ciwon da ke ciki ne yake faɗuwa wajen kwana 10 zuwa 14, a ƙara ruwa a huta, abin da ake gudu shi ne jini mai kauri da baya tsayawa, ko fitsari ya toshe, ko zazzaɓi. Sai a lokacin muka ji cewa bai kamata ya ɗaga abu mai nauyi ba, ko ya hau babur, ko ya yi yunƙurin bayan gida, ko ya kusanci iyali har sati huɗu zuwa shida. Kuma ana gobe jinin zai fito a bayan babur aka kai shi ta'aziyya Kurna. Likitan ya ba mu haƙuri da bakinsa, na kuma ga ransa ya ɓaci, amma takarda guda ɗaya da Hausa a ranar sallama da ta raba mu da wannan tashin hankalin. Na rubuta musu haka a akwatin ƙorafi.

Sakamakon tsokar ya fito ba sankara, alhamdulillah. Likita ya ce duk da haka a ci gaba da zuwa gwaji tunda ba duka furostet ɗin aka cire ba, ɓangaren da sankara ta fi fitowa yana nan. Ni ma ya juyo kaina ya tambayi shekaruna, ya ce baƙar fata sun fi shiga haɗari, ƙungiyar Prostate Cancer UK ta Birtaniya tana cewa a can ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza zai gamu da sankarar furostet a rayuwarsa, sauran maza ɗaya cikin takwas, don haka daga shekara 45 a fara maganar gwaji. Yawancinmu gwajin yatsa ta dubura muke gudu, Baba ya ce bai kai minti ɗaya ba. Sarki Charles na Ingila ma a Janairun 2024 fadarsa ta sanar wa duniya za a yi masa aikin kumburin furostet, ba wanda ya raina shi.

In za ku kai tsohonku irin wajen nan ku tafi da sa'ansa ko ƙaninsa, kar ku ce ɗa ko 'ya ce za ta yi tafinta, ku nemi a rubuta muku kuɗi duka har da ruwa da gwajin tsoka, kuma kar ku bar ƙofa ranar sallama sai kun ji me za a gani a sati na biyu da lambar da za a ɗaga da dare. Baba yanzu sau ɗaya yake tashi, wani daren ma baya tashi sai kiran assalatu, ɗan ɗigon da yake yi a farko ya tsaya a wata na biyu da atisayen matse tsokar ƙasa da suka koya masa. Wata mai zuwa za mu koma ganin likita, kuma Baffa ya ce a karɓar masa kati shi ma.