Darasin hasashen yanayi na hutu a Garwa: ra'ayina

Jama'a masu tambayata akan ajin hutun nan da wani malamin jografi ya buɗe ma ƴan lise (babbar sakandare) a unguwarmu, ɗana ya gama, kuma gaskiya kuɗin bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni shine baya tsorata yara. Ya ɗauko taswira ya zana mata gida gida, yace haka kwamfuta ke raba duniya, ko wane gida wajen kilomita 100, ta lissafa zafi da iska da ruwa a ciki, sannan a ƙara hayaƙin kabon a ga inda za'a kwana nan da 2050. Ya gaya masu ƙarara cewa akan ƙaruwar zafi lissafin duk bakinsu ɗaya, amma akan damina a Sahel akwai saɓani, wasu sunce ruwa zai ƙaru wasu ragi, shi yasa GIEC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke haɗa lissafi da yawa. Wallahi wannan gaskiyar ce ta saye ni. Misalansa ma na gida ne, ƙanƙancewar tafkin Chadi bayan farin 1973 da 1984, ambaliyar Yagwa ta 2024, madatsar Lagdo.

Matsalar kawai kwamfuta biyu ce ga yara cike da ɗaki, in wuta ta ɗauke sai allo da alli, kuma komi da Faransanci, da ana ɗan sa Hausa ko Fillanci da ƙananan sun fi kamawa. Malam a duba wannan don Allah. Mai yaro a lise ya kai shi.