Giyar hannu ko otomatik: wacce ta fi dacewa da hawan Mambila?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zauren nan. Ya samu aikin kai kaya Gembu daga Jalingo, har da ƙauyukan da babu kwalta, kuma an nuna masa Hilux guda biyu masu ogzilari, wato masu iya ja da tayoyi huɗu, ɗaya giyar hannu ɗaya otomatik, kuɗinsu kusan ɗaya. Yana son sanin wacce ta fi aminci a kan dutse. Malam, na tuƙa iri biyun a wannan hanya, ga abin da na gani.

Daga Jalingo zuwa Bali da Serti babu wadda za ta nuna maka bambanci. Magana tana farawa ne in ka wuce Mayo Selbe ka kama hawan da zai kai ka Maisamari. Tsaunin Mambila yana da tsayin kusan mita 1,600 daga gaɓar teku, kuma injin fetur marar turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ka hau, saboda iskar da yake shaƙa tana raguwa. Motar da ka sani da zafin nama a Jalingo za ka ji ta yi sanyi a Nguroje. Ba lalacewa ta yi ba.

A wajen hawa, gaskiya otomatik ta fi sauƙi. Ka ɗauka kana tsakiyar kwana, ga lodi, sai garken shanu ya tare hanya, ko babbar mota ta tsaya a gabanka. Da otomatik ka taka birki, in hanya ta buɗe ka koma totur, shi ke nan. Da giyar hannu sai ka haɗa hanbirki da kulochi da totur a lokaci ɗaya, kuma direban da hannunsa bai faɗa ba zai riƙe motar da rabin kulochi har ka ji ƙauri ya cika ciki. Sau biyu sau uku irin haka, kulochi ya tafi. Sai dai ita ma otomatik tana da nata ciwon: in ka bar ta a D tana ta sauya giya sama da ƙasa a doguwar hawa, man giyabos yana ɗaukar zafi. Ka ja ta zuwa 2 ko L, wato ƙananan giyoyinta, ta zauna wuri ɗaya.

Gangara ce abin da nake so ka fi saurara a kai, domin a nan ake rasa rayuka. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuwa zafi take haifarwa. In ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman dutse, zafin yana taruwa har ya kai ga man birki. Sabon man birki samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, amma man birki yana shan danshi daga iska, kuma in ya tsufa zai iya tafasa tun a digiri 140. Da ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ba ta san kana yi ba. Na taɓa saukowa a bayan wata a-kori-kura cike da buhunan masara, fitilar birkinta a kunne tun daga sama ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Da muka iso wani ɗan fili direban ya samu ya karkata gefe, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, yaron motar ya diro da gudu yana neman dutsen da zai sa weji. Hannun direban rawa yake yi har bai iya buɗe gorar ruwa ba. Allah ne ya tsare su.

A nan giyar hannu ta yi wa otomatik fintinkau. Ka sa giya ta biyu, ko ta ɗaya in gangarar ta yi tsanani, ka cire ƙafa daga kulochi gaba ɗaya, inji ya riƙe motar. Birki sai taɓawa jefi-jefi: ka taka da ɗan ƙarfi, gudu ya ragu, ka sake shi ya huce. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Otomatik ma tana iya wannan in ka sa ta a L ko 2 tun kafin ka fara sauka, amma riƙonta bai kai na giyar hannu ba, kuma in ka manta ta a D sai ta riƙa haura giya tana ƙara gudu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yawancin masu otomatik ba su taɓa taɓa L ba tun da suka sayi mota. Masu giyar hannu kuma nasu laifin shi ne sa mota firi don tattalin mai. Don Allah kada ka yarda direbanka ya yi maka wannan, ko da sau ɗaya.

In mota ta gaza a tsakiyar hawa mai santsi, kada ka yi ƙoƙarin juya ta, domin da ta ba gangara gefenta za ta iya kifewa. Ka riƙe birki, ka sa ribas, ka sauko a miƙe a hankali, inji na riƙe da ita, sannan ka sake gwadawa da 4L, wato ƙaramar giyar ogzilari. Shi 4L yana rage gudu ya ninka ƙarfin ja fiye da sau biyu, amma sai ka tsaya cak kafin ka shige shi: a otomatik ka sa N, wato firi, a giyar hannu ka taka kulochi. In ka dawo busasshiyar kwalta ka cire ogzilarin, barinsa yana cin taya da giyabos.

A cikin taɓo da laka na damina otomatik ta ɗan fi, tunda ƙarfi ba ya yankewa lokacin sauya giya. Wajen kifewa kuwa babu ruwan giya, lodi ne. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kusa da kan mota, a ɗaure su tamau, kada a tula su sama sannan a ɗora mutane a kai.

Saura maganar gyara. In batir ya mutu a ƙauye, giyar hannu mutum huɗu za su tura ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa yana lalata giyabos. Canja kulochi aiki ne da yawancin bakanikai suka iya, amma giyabos na otomatik sai ka nemi gwani a babban gari.

Malam, in kai ne za ka riƙa tuƙi kuma ƙafarka ta san kulochi, ka ɗauki giyar hannu. In kuwa za ka riƙa ba direbobi daban-daban, wasu sababbin hannu, otomatik za ta fi jure musu a hawa, da sharaɗin ka zauna gefensu a saukowar farko ka ga da idonka sun sa L. Kowacce ka zaɓa, kafin ka biya kuɗi ka kai ta hanyar ƙasa ka tabbata 4H (babbar giyar ogzilari) da 4L suna shiga suna fita, ka ja hanbirki a kan tudu ka ga ko yana riƙewa, sannan ka sa a zubar da tsohon man birki a zuba sabo kafin tafiyar farko.